Masu wankin mota, ku ƙyale mana bamba

Wai don Allah wa ya gaya wa masu wankin mota a Abuja cewa baƙin mai ne maganin robar mota? Ka kai wanki a Kubwa, su zabga omo, su dirje bamba da buroshi, sannan su mulka mata baƙin mai ko man birki, wai ta yi sheƙi. Kafin ka ankara ƙurar hunturu ta manne, rana ta gasa, roba ta yi fururu kamar ƙafar da ta kwana biyu ba ta ga basilin ba. Man birkin nan kuwa, in ya ɗiga a fenti, cinye shi yake yi! Sabulun mota da tsumma mai laushi sun isa, sai man roba mai kare ta daga rana. Ka yi magana, a ce: "Alhaji, ai haka ake yi."