Yadda babban yatsana ya cinye aikin kwana biyar

Kwamfutata ta tebur tana da wata ɗabi'a: in ka ce ta buɗe fayil, sai ta yi gyaran murya tukuna. Za ka ji ƙur-ƙur-ƙur daga cikin akwatin, 'yar jar fitilar nan ta shiga ƙifce-ƙifce, kai kuma ka zuba tagumi kana kallon allo. Ba laifinta ba ne ita kaɗai, faifan ajiyar da ke cikinta irin mai juyawa ne. Juyi 5,400 yake yi a minti, wato sau 90 kowane sakan, kuma akwai wani siririn hannu da sai ya yi tattaki zuwa layin da bayanin yake, sannan ya tsaya jiran faifan ya juyo masa da wurin. A takarda, tafiyar duka ba ta fi kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na sakan ba. Amma in kana haɗa bidiyo mai gutsattsari fiye da ɗari, hannun nan sai ya zama ɗan aiken da mutum goma suke ƙwala wa kira lokaci guda.

Ni kuwa bidiyon koyarwa na minti 40 aka ba ni in haɗa, in ɗora masa murya, in sa rubutu a ƙasa, in miƙa ranar Asabar.

Ƙanena, wanda kwamfuta ya karanta kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan, ya leƙo ranar Lahadi ya ji gurnanin faifan, ya ce, "Yaya, ka sa mata SSD mana ka huta." SSD wani faifan ajiya ne da ba ya juyawa, ya kuma fi irin nawa sauri. Na ce na ji. A raina kuwa na riga na yi karatun da ya fi nasa. Na gano cewa ana iya yanko wani ɓangare na ram, wato sandunan ƙwaƙwalwar nan da kwamfuta take aiki da su, a sa manhaja ta yi masa shigar faifai. Kwamfuta sai ta ɗauka sabon faifai aka sa mata, har da harafinsa, ka zuba fayil ka kwashe yadda ka ga dama. Dabarar ma ba ta yau ba ce, tun zamanin MS-DOS, wata tsohuwar babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, ana yin ta, masu amfani da babbar manhajar Linux kuwa a shirye suke samunta da sunan tmpfs. Abin da ya tafi da hankalina lissafin ne. Ram kan amsa kira cikin abin da bai kai nanosakan 100 ba (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), faifai mai juyawa kuwa yana cin milisakan 10 ko fiye (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Tazarar ta kai ninki 100,000. In a ce ram sakan ɗaya yake ɗauka ya miƙo maka abu, to faifan nan sai ya wuni ya kwana bai dawo daga aiken ba. Ga ni kuma da sanduna biyu a cikin akwati, kowace gigabayit 8, suna zaman kashe wando. Haka dai na ɗauka a lokacin.

Ranar Litinin da sassafe na sauke manhajar, ta tambaye ni nawa zan yanka. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na rubuta gigabayit 12 cikin 16. Na zuba kayan aiki, na buɗe manhajar haɗa bidiyo, na harɗe hannu ina jiran walƙiya. Sai kwamfuta ta sandare. Linzami ya ƙi motsi, faifan da nake gudu ya kama wani irin kuka da ban taɓa jin yana yi ba. Ashe in ka bar wa kwamfuta gigabayit 4 kacal ta yi numfashi, da zarar wurin ya cika sai ta riƙa kwasar abin da ke cikin ram tana jibgewa a faifan ajiya, ta ɗauko, ta mayar, ta sake ɗaukowa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na haɗiye girman kaina na rage zuwa 6.

Nan fa abu ya yi kyau. Na gwada gudun faifan biyu: tsohon yana jan ƙafa a wajen megabayit 100 a sakan, sabon ya zarce 5,000. Bidiyo ya riƙa buɗewa tun kafin in ɗauke yatsa daga linzami. Ɗakin ya yi tsit, babu ƙur-ƙur, babu ƙifce-ƙifce. Na ɗauki hoton sakamakon, na ajiye shi a foldar hotuna inda na saba, na tura wa ƙanena ba tare da na rubuta ko kalma ɗaya ba. Ai hoton ya isa magana.

Da yamma sai ga shi.

"Yaya, ka dai san ram ba ya riƙe amana ko?"

"Kamar yaya?"

"Wuta ce ransa. Ta ɗauke, komai ya tafi."

Ya ja kujera ya zauna, alamar lacca ta zo. Ya ce kowane ɗigon bayani a cikin ram ɗan mitsitsin rumbun caji ne, kuma rumbun yoyo yake yi. Tun da Robert Dennard na kamfanin IBM ya fito da wannan tsari a 1966 haka abin yake: sai kwamfuta ta riƙa bi tana cike rumbunan kafin su tsiyaye, a irin sandunan da nake da su kowane milisakan 64, wato kusan sau 16 a sakan, ba dare ba rana. Faifan ajiya kuwa da maganaɗisu yake rubutu, ko ka kashe shi ka jefa a kwali, in ka dawo baɗi za ka tarar da kayanka. Ya ƙara da cewa a 2005 kamfanin Gigabyte ya taɓa fitar da wani kati mai suna i-RAM, mai ramuka huɗu, ana soka masa sandunan ram har gigabayit 4 ya zama faifai, amma sai da suka maƙala masa batir mai riƙe bayanin na kusan awa 16.

"Ka san me ya sa suka sa batirin, Yaya?"

Na ce, "Ado."

Ya dube ni irin kallon da ƙane ba shi da izinin fassarawa da baki. Kafin ya fita ya nuna mini wani ɗan akwati a cikin manhajar, wanda in ka sa masa alama za ta riƙa kwafe abin da ke faifan ram zuwa faifan ajiya lokaci-lokaci. Ya sa alamar da hannunsa. Yana fita na cire. Ina da hujja, kuma har yau ina ganin hujjar ba ta da laifi a lissafi: kwafe gigabayit 6 a gudun megabayit 100 minti guda cur ne na wannan gurnani da na tsana. Wa ya sayi doki don ya riƙa tsayawa jiran jaki?

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne barci. Da dare ba na kashe kwamfutar, barci nake sa ta, kuma a yanayin barci tana ci gaba da ba ram 'yar wutar da yake buƙata. Saboda haka Talata da safe na tarar da fayilolina cif. Laraba ma haka. Zuwa Alhamis na gama yanke hukunci cewa yaron nan tsoro ya yi masa yawa, karatun ne bai zauna ba. Har na shiga saitin manhajar haɗa bidiyo na ce ajiyar da take yi da kanta kowane minti biyar ma ta koma faifan ram, don kada ta riƙa tayar da tsohon daga barci. Wato ainihin aikin, da kwafin ko-ta-kwana, da muryar da na naɗa har maƙogwarona ya dushe, duk na zuba su a kwando ɗaya, kwandon ma na ɗora shi a kan ruwa.

Daren Juma'a, wajen ƙarfe ɗaya, na sa harafin ƙarshe a rubutun ƙasa. Na kunna bidiyon daga farko na kalla, wallahi ya yi kyau. Abin da ya rage kawai in danna maɓallin fitarwa in kwafe shi zuwa wani wuri. Sai na ce bari in ɗan miƙe tukuna, na cancanta. Na jingina da kujera, na ɗaga hannuwa sama, na yi hamma, na miƙe ƙafafu ƙarƙashin tebur iya tsawonsu.

A ƙarƙashin teburin akwai doguwar soket mai jan makunni.

Ƙas.

Fanka ta yi wani ɗan nishi ta tsaya. Allo ya yi baƙi, na hango fuskata a ciki, baki buɗe, hammar ma ba ta ƙarasa ba. Babban yatsan ƙafata na dama yana nan a kan makunnin, ko kunya bai ji ba. Na mayar da shi da sauri kamar wanda ya taka wuta, a zatona in aka yi maza ba za ta lura ba. Kwamfuta ta tashi lafiya lau. Faifan ram ma ya dawo da harafinsa, gigabayit 6, fes, kamar ɗakin da aka share aka wanke. Na rufe foldar na buɗe. Na sake rufewa na buɗe. Na yi haka ya kai sau goma, ban san wa nake jira ya ji tausayina ba.

Abin da na yi bayan nan ne ba na son a riƙa tunawa. Na ɗauki waya na shiga neman mafita, na ci karo da labarin wasu masu bincike na Jami'ar Princeton da ke Amurka, waɗanda a 2008 suka nuna cewa bayanin da ke cikin ram ba ya gushewa nan take, yana ɗan jimawa, kuma in aka sanyaya sandar sosai yana iya kai mintuna. Iyakar abin da idona ya gani ke nan: sanyi. Na kashe kwamfuta, na kwance akwatin, na zare sandunan biyu, na naɗe su a leda, na sa a gidan ƙanƙara na firji. Sannan na kwanta da ɗan guntun fata.

Da safe na kira ƙanena. Ya zo, na ba shi labari a taƙaice, na tsallake batun alamar da na cire. Ya leƙa akwatin ya ga ramuka wayam.

"Yaya, ina sandunan?"

Na nuna firji da baki.

Ya buɗe, ya ɗauko ledar, ya tsaya yana kallonta. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya ce zai ɗan fita ya amsa waya, alhali wayarsa tana kan tebur. Da ya dawo idonsa jajir, ya yi mini bayani a hankali kamar mai lallashin mara lafiya: su mutanen Princeton tun wuta na jikin sandar suke fesa mata sanyi, sannan su karanta ta nan da nan. Ni kuwa na bari awa guda ta wuce, na kuma kunna kwamfutar ta rubuta sabon abu a kan wurin, sannan na kai gawa asibiti. Yanzu ma ba halin mayar da su, sai raɓar da ta kwanta musu ta bushe ƙarƙaf, in ba haka ba in rasa aikin in rasa sandunan. Haka muka jera su a kan takarda muna gadi har la'asar, ni da shi, ba mai cewa uffan, sai shi da yake yawan fita amsa waya.

Allah ya taimake ni ɗanyen bidiyon yana nan a katin kyamara. Mai aikin ya ƙara mini mako guda bayan na shaida masa cewa an samu "matsalar na'ura", wanda in ka duba da kyau ba ƙarya ba ce, ƙafa ma ai na'ura ce. Ƙanena ya sa mini SSD, ya manne makunnin soket ɗin da salatif ninki uku, ya kuma tura ta can bayan tebur inda ko da sanda ba zan kai ba.

Da muke kwashe kayan tsohon faifan zuwa sabon, ya ce bari ya duba ko akwai wani abu na makon nan da ya tsira. Ya jera fayiloli bisa kwanan wata. Daga Litinin zuwa Juma'a abu ɗaya tak na ajiye a faifan da ba ya mantuwa. Ya danna, faifan ya yi ƙur-ƙur ɗinsa, ya ɗan yi tunani, sannan ya buɗe mana hoton gwajin gudu, megabayit 5,000 da ɗoriya a sakan, har da jan da'irar da na zagaye lambar da ita.