Masu sayar da harsashin farautar elk sun cika ɓoye lambar da ta fi muhimmanci

Abin da ake yi wa mafarautan elk, wata babbar dabbar dawa mai kama da barewa, a kantunan harsashi na yammacin Amurka ya isa haka nan. Mutum zai biya ɗaruruwan daloli kuɗin lasisi a Kolorado ko Montana ko Wayomin, ya shiga kanti ya ce yana neman harsashin da zai kayar da elk daga yadi 500, sai mai kanti ya miƙo masa kwalin da ya fi ƙyalli, ya ce wannan ko a yadi dubu ba ya kuskure. Bai tambayi tsawon bututun bindigar ba, bai tambayi murɗin cikinsa da ke juya harsashi ba, balle ya gaya masa gudun da harsashin yake buƙata kafin ya buɗe a jikin nama. Wallahi wannan sakaci ne, kuma dabbar da ke dawa ce take biyan kuɗinsa.

Namijin elk yakan haura kilo 300, ya fi gwanki jiki, ga fata mai kauri da gashi, ga allon kafaɗa da haƙarƙari masu ƙwari. Harsashin farauta aiki biyu ake nema daga gare shi a lokaci guda: ya buɗe baki ya yaga huhu, sannan ya riƙe nauyinsa ya ratsa har ya fita ta ɗaya gefen. Ramin fitar nan shi ne ke zubar da jinin da ake bin sawu da shi, domin ramin shiga ƙarami ne, kitse da gashi sukan toshe shi. Kowane harsashi kuwa yana da iyakar gudu ta sama da ta ƙasa. In ya bugi nama da gudun da ya fi ƙarfinsa sai ya tarwatse, in gudun ya gaza sai ya wuce a tsuke bai yi ɓarnar kirki ba. Yawancin harsasan farauta suna buƙatar wajen ƙafa 1,800 a daƙiƙa lokacin duka, na jan ƙarfe zalla kuma masu gogewa ba sa yarda su sauka ƙasa da 2,000. Wannan lambar ce ya kamata a buga da manyan baƙaƙe a gaban kwali, amma da wuya ka same ta a can. Sai mutum ya shiga intanet yana tono, ko ya kira kamfani a waya.

Abin da suke cika kwali da shi shi ne gudun fita daga bakin bindiga da lambar BC, wato ma'aunin yadda harsashi ke keta iska. Gudun nan yawanci da bututun gwaji mai inci 24 aka auna shi. Mai bindiga mai inci 20, irin wadda mutane ke so yanzu saboda sauƙin hawan dutse, yana asarar ƙafa 20 zuwa 30 a kowane inci, wato kusan 100 tun harsashi bai bar gabansa ba. Lambar BC ma iri biyu ce, G1 da G7. Ta G1 ta fi girma a ido, ita aka fi bugawa, alhali tana sauyawa yayin da gudu ke raguwa. Ta G7 ce ta dace da dogon harsashi mai tsukakkiyar wutsiya.

Ɗauki 6.5 Creedmoor, wanda ya fito a 2007 kuma ya cika kantuna. Harsashi ne mai kyau, ba ya dukan kafaɗar maharbi sosai, yana da saiti. Amma mai giren 143 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) da ke fita da ƙafa 2,700 a daƙiƙa, a yadi 500 ya sauko kusan 2,030, ƙarfin dukansa kuma, wanda ake aunawa da fut-fam, tun wajen yadi 400 ya faɗi ƙasa da 1,500, wanda shi ne ma'aunin da mafarauta da yawa suke riƙewa ga elk. Mai giren 200 a .300 Winchester Magnum yana nan da wajen fut-fam 2,000 a yadi 500. Mai kanti ya san wannan. Sai ya kawo maka dokar Kolorado, ya ce ai ta halatta, tunda abin da ta nema shi ne faɗin inci .24, harsashi mai buɗewa na giren 85, da fut-fam 1,000 a yadi 100. A yadi 100 fa! Doka ƙasan ƙasa ta faɗa, ba ta yi maganar yadi 600 ba.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne tura wa mutane harsashin gasar harbin allo a matsayin na farauta. Irin wannan rigarsa ta jan ƙarfe siririya ce, dalmar ciki ba a manne ta da rigar ba, ramin tsininsa ɗan mitsitsi. A takarda yana tara harbi wuri guda har ka yi sha'awa. A jikin elk kuwa ba shi da tabbas. Ka shirya wa yadi 500, sai namiji ya ɓullo a yadi 60 cikin itatuwa, harsashi ya bugi kafaɗa da gudu kusan 3,000, riga ta rabu da dalma, ya farfashe a kan ƙashi bai kai huhu ba. Can nesa kuma tsinin yana iya lanƙwashewa ya toshe, ya huda ya wuce. Dabba ta gangara kwari da ƙafa uku, babu jini a ƙasa, bayan kwana biyu ta zama mushe. Wannan matsala tsohuwa ce. A 1946 John Nosler ya ga harsashinsa ya kasa ratsa wani babban mus, dabba ce dangin elk da ta fi shi girma, a British Columbia ta Kanada, abin da ya sa ya ƙera harsashin Partition mai shinge a tsakiya, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da tafiya. Kusan shekara tamanin ke nan, amma har yanzu ana sayar wa mutane abin da ke fashewa a kafaɗa.

Masu komawa jan ƙarfe, ko don son ransu ko don doka irin ta Kalifoniya da ta hana farauta da dalma tun Yulin 2019, su ma ba a yi musu bayani. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka harsashi mai nauyi ɗaya ya fi tsawo, dogon harsashi kuma yana son murɗi mai sauri. Tsohuwar .270 mai juyi ɗaya a inci 10, ko 7mm Remington Magnum mai juyi ɗaya a inci 9 da ɗoriya, ba lallai ta daidaita dogayen harsasan zamani ba. Shi ya sa aka yi 7mm PRC da juyi ɗaya a inci 8. In ka ga ramin harsashi a takarda ya yi tsawo maimakon da'ira, murɗin ya gaza. A jan ƙarfe a rage nauyi a ƙara gudu: a faɗin .30, giren 165 ko 168 ya fi 180 amfani daga nesa.

Tunda masu kanti ba za su yi aikinsu ba, dole maharbi ya yi da kansa. Ya zaɓi harsashi mai dalma manne da riga, ko mai shinge, ko jan ƙarfe. Ya harba goma ta gaban na'urar auna gudu da bindigarsa, ya ɗauki matsakaici. Ya saka wannan a manhajar lissafin harbi tare da tsayin wurin farauta da sanyinsa, domin a mita 2,700 iska ba ta da kauri, harsashi yana riƙe gudu, amma sanyin Nuwamba yana rage kuzarin wasu albarusan. Ya nemo yadin da gudu ya sauka kan iyakar da kamfani ya faɗa, ya ƙara ƙafa 200 na kariya, wannan ne iyakarsa. Sannan ya je ya harba a wannan nisan, daga kan jaka ko sanduna, ba daga tebur ba. Iska mai gudun mil 10 daga gefe tana iya karkatar da harsashi fiye da inci 15 a yadi 500, kusan faɗin wurin huhu da zuciya gaba ɗaya, kuma harsashin yana fiye da rabin daƙiƙa a hanya, taku ɗaya ya isa ya mayar da harbin huhu na tumbi.

Ko a nan ma kanti zai sake cutar ka. Ka gama saiti da kwali biyu, ka koma sayen na farauta, a ba ka mai lambar rukuni dabam ba tare da an ce uffan ba, alhali gudu yana iya bambanta daga rukuni zuwa rukuni. Duba lambar da ke jikin marfin kwali, ka sayi huɗu ko biyar masu lamba ɗaya tun farko, in kuma ba su da su ka fita ka nemi wani kantin.