Ranar da na ce zan mayar da shagon firam kamfanin mota

Wanda bai taɓa haɗa firam ɗin hoto ba gani yake ai katako huɗu ne da gilashi shikenan. To kowace kusurwa sai an yanke ta digiri 45 cif, firam ɗaya yanka takwas kenan, zarto ya ɗan kauce ko kaɗan ne a kusurwar ƙarshe za ka ga katako ya wangale baki kamar yana maka dariya. Ga gilashi mai kaurin milimita 2 da in ka ja masa layi sau biyu a wuri ɗaya sai ya fashe ta inda ya ga dama. Ni da yarona ne kawai a shagon, aiki ya taru mana, kwastomomi sai kira suke har na fara jin tsoron ƙarar wayata.

Ina kwance da daddare ina latse-latse sai ga bidiyo kan Henry Ford, wai a 1913 ya kawo tsarin layi, wato mota na tafiya kowane ma'aikaci na yi mata aiki ɗaya, a masana'antarsa ta Amurka, haɗa mota ɗaya ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Na tashi zaune. Na ce mota guda fa, da inji da taya, ni kuma katako huɗu ke wahalar da ni? Ban ma ƙarasa kallon ba, na ce na gane.

Da safe na tara ma'aikata, wato shi yaron, na ce daga yau an daina haɗa firam ɗai-ɗai. Rana ɗaya yankan katako gaba ɗaya, rana ɗaya gilashi, rana ɗaya gam da ƙusa. Ya ce oga ai mu biyu ne. Na ce shi ma Ford ɗin da kaɗan ya fara. Muka kafa allo a bango na zana siffar kowane kayan aiki da alƙalamin maka don kowanne ya san wurinsa, har yau zanen guduma na nan ras, gudumar ce dai ba mu sake ganinta ba.

Sai ga aiki ya faɗo, wata makaranta ta kawo tulin satifiket, duk A4, santimita 21 da 29.7. Na ce Allah ya kawo ranar gwada ilimi. Na auna, na ɗaure ɗan katakon tsayarwa a jikin zarto don kowane yanka ya fito daidai da ɗan'uwansa. Yaro ya ce oga mu haɗa guda ɗaya mu gwada tukunna mana. Na ce irin tunanin nan ne ya hana mu ci gaba, na kunna zarto. Wallahi ranar na ji daɗin kaina, kafin la'asar na gama yanka duka, dusar katako har cikin kunne.

Abin da kowane mai firam ya sani shi ne awon takarda daga ramin ciki ake ɗaukarsa, inda gilashi ke zama, a ƙara milimita 2 ko 3 don ya samu sarari, gefen waje na katakon kuwa dole ya fi haka tsawo da kusan faɗinsa sau biyu. Ɗan katakon tsayarwar nan kuwa daga gefen waje ya yi awonsa. Da muka haɗa sai ga firam kyawawa, kusurwa a matse ko allura ba za ta shiga ba, amma cikinsu wajen santimita 18 da 27. Satifiket ya ƙi shiga. Hoto mai inci 8 da 10 ma ya ƙi, shi faɗinsa santimita 20.3 ne, mai 5 da 7 kuma sai ya dinga iyo a ciki. Yaro ya ɗauko almakashi ya ce ko mu rage takardun ta gefe, na duba na ga sa hannun shugaban makaranta ne zai fara tafiya.

Ina cikin wannan jimamin sai ga wani dattijo ya shigo da ƙunshi a hammata, fuska ba annuri. Da ma cikin sabon tsari na ciro hotunan mutane daga ambulan ɗinsu na jera su bisa girma, manya da manya ƙanana da ƙanana, in an gama a naɗe da takarda don sauri. Shi hoton mahaifinsa ya kawo. Ya ajiye ƙunshin a tebur ya buɗe a hankali, sai ga wata baiwar Allah ta sha kwalliya tana murmushi har da ɗan karkata kai.

Ya ce ɗana, a gaban iyalina na buɗe wannan.

Na ce Baba don Allah a yi haƙuri, tsari ne muka canja. Ya ce to ka zo gida ka yi wa Hajiya bayanin tsarin, don ni tun jiya nake bayani ba a karɓa ba. Haka na rufe shago na bi shi riƙe da hoton mahaifin nasa a gaba kamar mai zanga-zanga.

Yanzu yaron ne ke manna ɗan selotef a bayan kowane hoto da gilashinsa da katakonsa ya rubuta lamba ɗaya, kuma ba a yanka na biyu sai na farko ya haɗu takarda ta shiga. Abin haushi aikin ya fi sauri. Shi ya je ya binciko a wayarsa wai a kamfanin Toyota na Japan, Taiichi Ohno da ya gina tsarinsu cewa ya yi ƙera kaya fiye da buƙata shi ne babbar asara, gara abu ya bi layi ɗaya bayan ɗaya don a kama kuskure tun yana guda. Ya karanta min da ƙarfi, ya ajiye wayar, ya ce oga ashe ni ne Toyota a shagon nan, ya maganar ƙarin albashi?