Ido ko kunne: wa ke ciyar da mai tsara kiɗan jaz?

A nan Amurka, idan aka tambayi mai tsara kiɗan jaz, wato kiɗan bushe-bushe da kaɗe-kaɗe da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, inda yake samo abin da yake rubutawa, da wuya ya gama amsa bai ambaci sunan wani mai zane ba. Wannan ya ce Picasso, wancan ya ce Matisse, wani ya ce ya wuni a gidan adana zane-zane yana kallon allo ɗaya har kiɗan ya zo masa. Ba na ƙaryata su. Amma ina ganin ana ba ido rabon da ya wuce aikinsa, kunne kuwa, da shi ne ya sha wahalar, ba a cika tunawa da shi ba.

Ni dai kunnena ya tashi ne da kiɗan da magana ke jan ragamarsa. Shata in ya tsaya, kalangai na tashi, 'yan amshi na karɓa, abin da kake jira shi ne kalmar da za ta fito daga bakinsa. Haka Ɗan Maraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Ko ba a buɗe baki ba, kalangu kansa magana yake yi, wanda ya san take ya san wa ake kira. Shi ya sa in muka ji kiɗa tambayarmu ta farko ita ce, me ake cewa? Jaz kuwa akasarinsa babu baiti. Sai a yi minti goma ana busa ana kaɗawa, ba wanda ya ce uffan. Mai tsarawa na neman abin da zai rataya tunaninsa, mai sauraro ma haka, sai zane ya shigo ya zauna a gurbin da magana ta zauna a wurinmu. Wannan amfanin na yarda da shi, kuma ba ƙarami ba ne.

Wanda ya fi gamsar da ni cewa zane na iya shiga cikin kiɗa har ɓargo shi ne Duke Ellington, shahararren mai tsara jaz. Da zane ya fara. Yana saurayi a Washington aka ba shi gurbin karatun zane a makarantar Pratt da ke Brooklyn, bai je ba, ya kama rubuta allunan talla yana kiɗan piyano da dare. Mutane na yawan kafa hujja da sunayen launuka da ya riƙa raɗa wa kiɗe-kiɗensa, amma raɗa suna ba wuya. Abin dubawa shi ne abin da ya yi da kayan busa uku a kiɗansa Mood Indigo a 1930. Bisa al'ada kilarinet ce ke sama, tirampet a tsakiya, tiramban mai kaurin murya a ƙasa. Ellington ya kifa tsarin. Ya tura tiramban sama inda muryarta ke matsewa, ya saukar da kilarinet can ƙasa inda take yin duhu, aka kuma toshe bakin tirampet da tiramban. Sautin da ya fito ba na ɗayansu ba ne, wani sabon abu ne, kamar yadda shuɗi da rawaya ke haifar da kore. Wannan tunanin mai haɗa fenti ne. Kuma bai rubuta wa kayan kiɗa ba, mutanen ƙungiyarsa yake rubuta wa: ya san kalar busar Johnny Hodges, ya san ta Harry Carney, ya san wadda in ta jingina da wata za ta yi kyau.

Bill Evans, makaɗin piyano, shi ma ya kama wani abu na gaske a bayanin da ya rubuta a bangon faifan Kind of Blue na Miles Davis a 1959. Ya kawo wani salon zanen Japan da ake yi da baƙar tawada a kan takarda marar kauri. In hannu ya yi jinkiri layin ya lalace, in ya danna takardar ta huje, kuma babu gogewa babu gyara. Haka mai busa yake idan aka sakar masa fili ya ƙirƙira nan take. Abin da Evans ya ɗauko daga zanen ba hoton ba ne, ladabin hannun ne.

Inda nake ja da baya shi ne inda aka ɗauki hoton bangon faifai aka mai da shi uban kiɗa. A Disambar 1960 Ornette Coleman ya tara makaɗa 8, ya raba su gida biyu, huɗu a kunnen dama huɗu a na hagu, suka yi kusan minti 37 ba tsayawa. Da faifan ya fito a 1961 aka sa masa zanen Jackson Pollock mai suna White Light, mai layuka birjik da suka sarƙe da juna. Tun daga nan ake cewa Coleman ya yi da sauti abin da Pollock ya yi da fenti. Na tsaya gaban zanen nan a New York, kuma kamannin na nan. Amma ka saurari busar Coleman ita kaɗai. Kukan blues ne, tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, irin na Texas, na yaron Fort Worth da ya yi ƙuruciyarsa yana busa a gidajen rawa. Pollock ya taimaki mai saye ya san abin da zai tarar. Muryar kuwa ba daga allo ta fito ba.

Dave Brubeck ya fi sauƙaƙa hukuncin, don ya gwada hanyoyin biyu. A 1958 gwamnatin Amurka ta tura shi rangadi, a Turkiyya ya ji makaɗan titi na buga wani kiɗa mai bugu 9, ana ƙirga shi biyu, biyu, biyu, uku. Ya dawo da shi, ya shiga faifansa na 1959, makaɗan jaz da suka saba da bugu 4 suka koma koyon ƙirga. A 1961 kuma ya yi wani faifan da ya jingina shi da zanen Joan Miró. Yana da daɗi, ba musu. Amma abin da ya sauya yadda ake kaɗa ganga a jaz daga titin Turkiyya ya zo, ba daga Miró ba.

Ga shi ma bashin ba gefe ɗaya yake ba, sau da yawa masu zanen ne ke ci. Mai zane Mondrian ya iso New York a 1940, kiɗan piyano na rawa da ake kira bugi-wugi ya kama shi, ya farfasa baƙaƙen layukan da aka san shi da su zuwa 'yan murabba'ai masu tsalle. Mai zane Romare Bearden kuma, ɗan'uwansa mai zane Stuart Davis ne ya ce masa ya je ya saurari piyanon Earl Hines, ya kula da tazarar da yake bari tsakanin sauti da sauti.

A 2007 Ted Nash ya rubuta wa ƙungiyar makaɗan Lincoln Center kiɗa kashi 7, kowane kashi na mai zane ɗaya, daga Monet zuwa Pollock. Gwaninta ce, ban raina ba. Sai dai irin wannan aikin yakan sa mai sauraro ya zauna yana duba takarda, yana neman ina agogon da ke cikin zanen Dalí yake narkewa, maimakon ya saki jiki ya ji. Kiɗan da sai an riƙe maka hoto kafin ya tsaya da ƙafarsa, ni a wurina da saura.

Shi ya sa nake girmama Yusef Lateef, mai busa a jaz. Shi ma mai zane ne, a ƙarshen rayuwarsa ya zana itatuwa da yawa, har aka baje kolinsu bayan rasuwarsa a 2013. Amma da ya so faɗaɗa kiɗansa, kunnensa ya bi. Tun yana Detroit yake neman kayan busa na Larabawa yana koyo. Yana da shekara 60 da ɗoriya, sunansa ya riga ya kai ko'ina, ya tattara ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Daga 1981 zuwa 1985 yana can, yana binciken sarewar Fulani wajen masu busa ta.