Tauraron ɗan'adam yana ganin rufin kwano, ba ya ganin abin da ke cikin tukunya

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka ce mun kai miliyan 140. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Duk da haka kowace gwamnati ta zo sai ta raba tallafi, kuma sai ta ce ta san waɗanda suka cancanta. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta fito fili ta ce ba ta aminta da kundin rajistar talakawan da aka gada daga gwamnatin Buhari ba. Shi ya sa masu cewa a bar wa kwamfuta aikin suke samun masu saurare, tunda ita ba ta da ƙani ko suruki, ba ta da katin jam'iyya.

Maganarsu ba ta banza ba ce. A 2016 wasu masana na Jami'ar Stanford a Amurka suka wallafa wani bincike a mujallar Science kan ƙasashe biyar: Najeriya, Tanzaniya, Uganda, Malawi da Ruwanda. Matsalarsu ita ce ƙarancin bayanan gida-gida, sai suka bi ta bayan gida. Suka ɗauki wani tsarin lissafi mai hawa-hawa, wanda aka kwaikwayo daga yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo, suka riƙa nuna masa hotunan rana na tauraron ɗan'adam, suna sa shi ya cinki yawan hasken lantarkin da wurin zai yi da dare. In ya kuskure a gyara masa, a sake nuna masa wani. A haka, ba tare da an ce masa ga titi ga gona ba, ya koyi rarrabe tituna da rufin gidaje da gonaki da ruwa. Da aka haɗa abin da ya koya da ɗan binciken gida-gidan da ake da shi, sai ya iya bayyana har kashi 75 cikin 100 na bambancin dukiya tsakanin yanki da yanki.

Togo ta wuce nan. Lokacin korona a 2020 ta ɓullo da shirin Novissi na tura kuɗi ta waya. Da za a faɗaɗa shi zuwa karkara tare da ƙungiyar agaji ta GiveDirectly, an yi amfani da hotunan sama aka zaɓi gundumomi 100 mafi talauci, sannan aka koya wa kwamfuta ta duba yadda mutum ke amfani da layinsa: yawan kira, tsawonsa, sayen data, tura kuɗi, kiran ƙasashen waje. Daga nan take hasashen ƙarfin aljihunsa. Najeriya ma ta yi amfani da hotunan sama a 2021 wajen gano unguwannin marasa ƙarfi a birane domin tallafin korona.

Amma masu yabon Togo sukan karanta rabin sakamakon ne su rufe littafi. Joshua Blumenstock na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da abokan aikinsa sun auna shirin, suka wallafa a mujallar Nature a 2022. Idan aka kwatanta da raba tallafi bisa yanki kawai, hanyar waya ta rage yawan talakawan da ake tsallakewa da kashi 4 zuwa 21 cikin 100. Idan kuwa aka kwatanta da hanyoyin da ke buƙatar cikakken kundin rajista na gida-gida, wanda Togo ba ta da shi a lokacin, sai ta ƙara yawan waɗanda ake tsallakewa da kashi 9 zuwa 35. Wato masu fasahar da bakinsu suka ce dabarar gaggawa ce ga wanda ba shi da kundi, ba madadin kundin ba ce.

A Arewa abin zai fi haka wuya, kuma nan ne talaucin ya fi yawa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa, Sakkwato kuma ita ce kan gaba da kashi 91. To mene ne hoton sama zai gani? Zai ga bukkar ciyawa a ruga ya rubuta talauci, alhali mai ita yana da garken da ya fi kuɗin gida a birni. Zai ga gidan bulo da sabon kwano ya rubuta wadata, bai san maigidan ya rasu ba, marayu takwas ne a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayanan waya ma haka. Matar da ke aron wayar mijinta ko ta ɗanta, a wurin kwamfuta babu ita a duniya. Tsohon da ba shi da layi, ko aka toshe masa saboda bai haɗa da lambar NIN ba, shi ma haka. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya aka taɓa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen da suka fi kowa buƙatar taimako a lokacin su ne ba su bar wani sawu ba da za a bi. Ga kuma halin ɗan'adam: ranar da aka gane cewa ƙarancin sa kati ne ke kawo tallafi, kowa zai ajiye layi ɗaya na talauci, ya ci gaba da harkarsa da ɗayan.

A ganina a yi amfani da fasahar, amma a inda ta fi ƙarfi, wato nuna wace gunduma ko wane ƙauye za a fara tura ma'aikata. Zaɓen gida kaza a bar gida kaza ya kamata ya tsaya a hannun mutanen da suka taka ƙafa suka shiga, da taron unguwa inda za a karanta sunaye kowa yana ji. Duk kamfanin da za a ba kwangilar irin wannan aiki a tilasta masa ya bayyana yawan kuskurensa jiha-jiha, na mata daban na maza daban, a kuma tanadi wurin da wanda aka tsallake zai kai ƙorafi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, sai a faɗa mana wa ya ba da izinin leƙa layukan mutane kafin a fara.

Kuma tunda duk waɗannan tsare-tsare daga binciken gida-gida suke koyon darasinsu, kuɗin da za a fara warewa na Hukumar Ƙidaya ne da Hukumar Ƙididdiga, kafin na masu sayar da manhaja.