Jami'a ba ta wanke kowa

Wannan bidiyon na mai wa'azin neman arziki da kuke ta turo min tun jiya, na kalla. Wai mu yi koyi da Leland Stanford, mutumin da ya tashi daga sayar wa masu haƙar zinariya kayan masarufi a Kalifoniya har ya gina jami'ar da duniya ke rububin shiga. Ma sha Allah. Sai dai malamin ya tsallake tsakiyar labarin kamar mai tsallake kwata.

A 1861 Stanford ya zama shugaban kamfanin jirgin ƙasa na Central Pacific. A shekarar kuma ya ci zaɓen gwamna, ya hau kujera a Janairun 1862. Mutum ɗaya, hula biyu. Da safe gwamna, da yamma ɗan kwangila. Yana kan kujerar aka yi dokokin da suka ba gundumomi damar zuba kuɗin jama'a a kamfaninsa. Wannan kuke kira basirar kasuwanci? Kura ce aka ba ajiyar nama.

Kuma ku ji wani abin dariya. Gwamnatin tarayya tana ba da rancen dala 16,000 a kan kowane mil na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, dala 48,000 a kan tsauni. Sai aka wayi gari a takarda tsaunin Sierra Nevada ya taso har kusa da Sacramento, inda ƙasa take a baje kamar faifai. Tsauni ya yi tafiya, jama'a!

Na san me za ku ce. "Ai ya gina layin dogo." Shi ya gina? A jawabinsa na kama mulki ya ce 'yan China ƙasƙantattu ne, a hana su shigowa. Bayan 'yan shekaru su ɗin ne dubbai suke fasa duwatsu cikin dusar ƙanƙara suna haƙa masa hanya, ana biyansu ƙasa da Turawa, abincinsu kuma daga aljihunsu. Da suka yi yajin aiki a 1867 sai aka tare musu hanyar abinci har suka koma. Ranar 10 ga Mayu, 1869, da aka haɗa layin a Utah, shi aka miƙa wa guduma ya buga ƙusar ƙarshe.

"Ai zamaninsu haka yake." To, zamaninmu ma haka yake, don me kuke zagin namu 'yan siyasar?

Ba na wasa da mutuwar ɗansa. Yaro ɗan shekara 15, shi kaɗai Allah Ya ba su, zazzaɓin taifot ya ɗauke shi a Italiya a 1884, iyayen suka kafa jami'a da sunansa. Duk wanda ya taɓa binne ɗa ya san wannan ciwon, ni kam na tausaya musu har zuciya. Amma hawayen uba daban, lissafin baitulmali daban. Da kujera ya tara, da kujera ya tsare, har Majalisar Dattawa ya zauna daga 1885 zuwa rasuwarsa a 1893.

Abu ɗaya nasa da ke burge ni shi ne dawakai. Ya ɗauki mai hoto Muybridge don a gano ko doki a guje yana ɗage ƙafafu huɗu gaba ɗaya. A 1878 hotuna suka nuna yana ɗagewa. Tun da na sani, duk hawan sallah idona na kan kofato lokacin jafi, har yau ban kama ba.