Umaru Ganda ba ɗan wasan Jean Rouch kaɗai ba ne

Na karanta labarin da kuka rubuta na tunawa da marigayi Umaru Ganda, mai shirya fina-finai ɗan Nijar, amma gaskiya an rage masa tsawo. Kun tsaya a kan cewa Bafaranshen nan mai shirya fina-finai, Jean Rouch, shi ne ya tsince shi yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Haka ne, ba musu. To bayan nan fa?

Mutumin nan, haifaffen Yamai a 1935, ya yi sojan Faransa a yaƙin Indocin (yankin Vietnam) tun yana saurayi, ya dawo gida babu aiki. Wannan ɗacin ne ya zuba a fim ɗin da ya shirya, Cabascabo, labarin tsohon soja da abokai suka cinye masa 'yan kuɗinsa suka watse. Shi da kansa ya fito a ciki. Duk wanda ya taɓa zama da tsohon soja a ƙofar gida zai gane abin da ake faɗa ko ba fassara.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ko ambaton fim ɗinsa Le Wazzou polygame ba ku yi ba, alhali shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972. Labarin wani Alhaji ne, da rawaninsa, ya ɗauke yarinyar da aka yi wa wani alkawari. A wancan zamanin fa!

Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, bai cika hamsin ba. Allah ya jiƙansa. Yara da yawa na shiga cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai ba su taɓa ganin fim ɗinsa ko ɗaya ba.